Akushin Nomau

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani ƙauye can zamanin da, ana ce masa Nomau. Na baya ku matso, ku saurara, don labarin nan na maza ne, ko da yake a kan cikin mace ya faru.

Nomau igiya yake tufkawa. Ba malami ba ne, ba mai sarauta ba, in ya yi magana a taro ba a ko waiwayowa. Yana da 'yar gonarsa, da tunkiya, da rago ɗaya, da matarsa Gaje. Sau uku Gaje tana haihuwa, sau uku Nomau yana ɗaukar 'yar gawa a hannu zuwa maƙabarta. Jariran su zo ƙanana, ba nauyi, kukan ma da ƙyar yake fita. A yi suna, a yanka rago, gari ya ci ya ƙoshi, kafin a yi arba'in sai a ce yaro ya koma. Wasu suka ce wabi ne, wasu suka ce iska ce. Shi dai Nomau, gidan nan ya yi masa shiru, shiru mai ciwo.

To, garin nan suna da al'adu biyu. Ta farko ciyayya: bayan magariba kowane magidanci ya fito da akushinsa gindin tsamiya, a haɗu a ci tare. Abu ne mai kyau, ban kushe ba. Amma sun mayar da akushin nan ma'aunin mutuncin gida, don haka duk abin kirkin da ya shiga tukunya, man shanu ne, tsoka ce, wake ne, can yake tafiya. Ta biyu kuma, mai ciki ba ta cin ƙwai, wai ɗan zai yi sata. Ba ta yawaita nama da nono, wai ɗan zai yi girma ya ƙi fita.

Ana nan sai Gaje ta sami ciki na huɗu. Wata rana Nomau ya kai akushinsa gindin tsamiya, sai ya tuna ya manta igiyar da abokinsa Jatau ya sa shi ya tufka masa. Ya juya gida. Yana shiga ya tarar da Gaje a bakin murhu, ta zuba ruwa a tukunya tana kankare ƙanzo tana sha.

Ya ce, "Gaje, ina naki tuwon?"

Ta ce, "Ga shi ina ci, Malam."

"Miyar fa?"

"Ta tafi a akushi."

"Kullum haka ake yi?"

Ta sunkuyar da kai. "Haka na taras ana yi."

Ku saurara, jama'a. Nomau ya ɗaga kai, idonsa ya sauka a kan tunkiyarsa mai ciki tana tuƙa a turke. Da safen nan shi da hannunsa ya zuba mata harawa, ya dama mata dusa, ya jefa mata kanwa, don ya sani sarai tunkiyar da ba ta ci ba, ɗanta ba ya miƙewa. Ya san na tunkiya, bai san na matarsa ba! Shekara da shekaru yana lashe man shanu a gindin tsamiya, 'ya'yansa suna shan ruwan ƙanzo a cikin uwarsu. Kunya ta kama shi.

Ya koma gindin tsamiya. Mutane sun wanke hannu, sun kewaye akusa. Ya sunkuya ya ɗauki nasa, ya ce, "Ku gafarce ni, akwai mai buƙatarsa a gida." Ya juya. Ba wanda ya taɓa yin haka tun da aka kafa garin.

Kashegari ya ja ragon da yake kiwo don suna, ya kai ruga, ya musanya shi da akuya mai tatsa da zabi huɗu. Ya shiga tsinko zogale, ya ware wake da gyaɗa daga rumbu. Ranar da ya dafa ƙwai ya miƙa mata, Gaje ta ja da baya.

Ta ce, "Malam, ƙwai? In yaron ya zama ɓarawo fa?"

Ya ce, "Ya rayu tukuna. Tarbiyya ni da ke za mu yi."

Daga nan gari ya juya masa baya. Suka sa masa suna mijin-ta-ce. In ya yi sallama a amsa a daƙile. Jatau, wanda suka yi ƙuruciya tare, in ya hango shi sai ya sake hanya. Bayan magariba Nomau ya zauna shi kaɗai a zaure, da ɗan abin da Gaje ta rage, wata rana ƙanzon ma shi ke ci, yana jiyo dariyar maza daga gindin tsamiya. Kada ku ce bai dame shi ba. Ya dame shi ƙwarai. Wata biyar yana cin abinci ba mai ce masa miƙo ruwa.

Abin da ya fi wannan zafi, Iya Tabawa ungozoma ta zo har zaure. Ta ce, "Nomau, na ji kana kiwata yarinyar nan. To ka ji da kyau, in ɗan nan ya ƙi fita, alhakinta a wuyanka."

Maganar nan ta zauna masa a ƙirji. In fa tsohuwar nan ta yi gaskiya? Wa zai tambaya? Ba shi da kowa sai Allah, shi kuwa ya riƙa kai wa kuka. Amma bai janye ƙwarya daga gaban Gaje ba.

Ranar haihuwa, da hantsi, mata suna ciki, shi yana zaure. Ba namiji ɗaya da ya zo ya taya shi zama. Ya tufka igiya, ya warware, ya sake tufkawa. Can sai ya ji kuka. Ba irin na da ba, kuka mai ƙarfi da ya cika gidan. Iya Tabawa ta fito tana goge hannu, ba ta dube shi ba.

Ta ce, "Mace ce. Na daɗe ban ɗauki mai nauyinta a garin nan ba. Uwar ma lafiya lau."

Ranar suna ɗan bunsuru ya samu ya yanka. Aka raɗa wa yarinya suna, ana kiranta Yalwa. Wani ya taɓe baki ya ce, "Wannan ne naman sunan?"

Nomau ya ce, "Raguna uku kuka ci a gidan nan. Cikin masu sunan ba wanda ya kai ga haƙori."

Yalwa ta yi arba'in, ta zauna, ta yi rarrafe, ta tashi da gudu. Kuna tsammani gari ya zo ya ba shi haƙuri? Ina! Shi kaɗai ya ci gaba da cin tuwonsa. Sai bayan shekara biyu, wata rana da la'asar, ga Jatau a ƙofar zaure, yana murza hula a hannu. Shi ma ya binne biyu, ga matarsa da ciki. Ya daɗe a tsaye, sannan ya ce, "Nomau, me da me ka ba ta?"

Nomau bai tuna masa komai ba. Ya gusa a tabarma ya ce, "Zauna."

To jama'a, rai na Allah ne, shi ke rayawa, shi ke kashewa, amma ya umarce mu da riƙo da sababi. Yaro ba ranar haihuwa yake fara cin abinci ba, tun yana ciki yake ci, kuma ba shi da akushi sai uwarsa. Da abin da ta ci ake gina ƙashinsa da jininsa da ƙwaƙwalwarsa. Abin da ka hana ta, shi ka hana.

Kai da ke tsayawa wurin mai shayi a soya maka ƙwai uku, ka biya wurin mai tsire, ka goge baki ka shiga gida kana cewa gari ba daɗi, da kai nake. Ban ce kada ka yanka ragon suna ba, sunna ce. Na ce kada ka jira sai an haihu sannan ka san hanyar mahauta. Ka ba ta wake, ka ba ta ganye, ka ba ta ƙwai da nono gwargwadon ƙarfinka, ka bar ta ta je awo.

Yau in ka koma gida aka ajiye maka abinci, kafin ka wanke hannu, tashi ka leƙa tukunya ka ga abin da aka rage mata. Allah ya raya mana zuriya, ya sa mu fi ƙarfin cikinmu.