Dalilin da Ya Sa Ƙasa Take Zaune a Bokiti a Birni

Kai, ku ɗauke ƙwallon nan daga gindin tumatirina! 'Ya'yan yanzu, ga ido a buɗe, kai kuwa fanko. Wanda ya ƙara kifar mini da bokiti sai na murɗe masa kunne. Ku zauna nan ku ji dalilin da ya sa muke shuka a bokiti da buhu kamar marasa gado.

Da can, kowane gida a birnin nan ƙasa ce shimfiɗe a tsakarsa. Mace ta watsar da ruwan wanke-wanke, bayan kwana bakwai sai ga tumatir ya tsiro. Ba mai sayen yakuwa. Sai wani Alhaji Barau ya je ƙetare ya yi sati uku, ya dawo yana cewa ƙura tana sa shi atishawa. Ya kira magina suka malale gidan da siminti tun daga zaure har bayan ɗaki. Zogalen mahaifiyarsa, Inna Tabawa, wanda ta dasa shekarar da ta haife shi, ya sa aka sare, wai yana zubar da ganye. Maƙwabta kuwa, kun san mutanen birni, in ɗaya ya kifa tukunya a ka, gobe ta zama hular yayi. Kowa ya malale nasa.

Ƙasa ta ga ba a sonta, ta tattara ta koma bayan gari, su tattasai da alayyahu suka bi ta. Kayan miya sai a mota, kafin su iso rabi ya ruɓe.

Inna Tabawa ta ture kwanon tuwo. Ta ce ba ta ƙara sa loma a baki sai ta ga zogale a gidan, in kuma ta mutu a haka ba ta yafe ba. Alhaji ya kawo kaji, ya kawo zogalen kasuwa, ko kallo ba ta yi ba. Kwana uku ruwa kaɗai take sha. Ya sa aka fasa simintin, aka tarar ba komai sai tsakuwa.

Ya shiga mota ya tafi bayan gari, ya durƙusa gaban Ƙasa. Ƙasa ta bar shi a rana har azahar, sannan ta tambaye shi yaya atishawa. Ya ce da sauƙi, a yi haƙuri a dawo gida.

Ta ce, "Da ina kwance kana taka ni, ina ciyar da kai, ban ce uffan ba. Yanzu ni baƙuwa ce. A ka za ka ɗauke ni, ka ba ni mazauni. Ruwa safe da yamma. Abincina kashin awaki, kuma da hannunka."

Alhaji ya ce zai aiko direba. Ta tambaye shi ko direba ne ya kore ta.

Haka ya cika bokiti ya ɗora a ka, ya ratsa kasuwa a ƙafa, masu kayan miya suna yi masa sannu da aiki. Da Inna Tabawa ta gan shi tsugune yana kafa reshen zogale, sai ta ce to, yanzu a dama mata kunu.

Shi ya sa har yau za ku ga babban ma'aikaci, da gidan bene da mota biyu, yana lallaɓa attaruhu a tsohuwar taya, yana gaya wa baƙi wai sha'awa ce. Ba sha'awa ba ce, biko ne. Barau kuwa shekara goma sha ɗaya ya yi yana bin turken awakin unguwa da tsintsiya da buhu, har ya mutu ba mai kwatanta gidansa sai da gidan Alhaji Mai Taki.