Rigar Aro a Gaban Alƙali

Akwai wani mutum mai noman shinkafa a fadama, yana da gida mai ɗaki uku wanda mahaifinsa ya bar masa. A nan yake zaune da matarsa da 'ya'yansa huɗu da mahaifiyarsa, tsohuwa wadda idonta ya fara rauni. Wata shekara ya je wurin mai ba da rance ya karɓi kuɗin iri da taki, ya bar takardar gidan jingina. Shinkafa ta yi kyau, saura mako uku a yanke, sai kogi ya yi ambaliya ya shafe fadamar. Ko tiya ɗaya bai kai gida ba.

Mutumin nan kuwa yana da son a gan shi da rufin asiri. Duk wanda ya tambaye shi, sai ya ce ai ruwan gefe kawai ya taɓa, sai godiya. Haka ya yi ta faɗa har lokacin biya ya wuce, mai rance ya kai ƙara, aka kawo masa sammaci: ranar Laraba ya zo kotu ya faɗi dalilin da ba za a sayar da gidansa ba.

A ƙasar nan akwai doka. Wanda yake da hali ya ƙi biya, a sayar da gidansa. Wanda masifa ce ta karya shi, a ba shi lokaci. Mutumin ya san wannan doka sarai, amma ba ita ce ta dame shi ba. Abin da ya dame shi shi ne mutanen unguwa da za su cika kotu su gan shi a wulaƙance. Saboda haka ya je wurin maƙwabcinsa, wani ɗan kasuwa, ya ari babbar riga ta shadda mai aikin hannu, da hula, da takalmi. Takalmin ya matse shi, ya daure. Har turare ya roƙa aka fesa masa.

Da matarsa ta gan shi, ta tsaya da tsintsiya a hannu ta ce, "Maigida, kotu za ka ko ɗaurin aure?"

Ya ce mata ita ba ta san sha'anin maza ba, ya fita yana taku ɗai-ɗai. Ita kuwa ta koma ɗaki ta fara ɗaure kwanoni, gama ta riga ta fid da rai.

A kotu aka kira shi, ya miƙe, ƙamshi ya cika wurin. Ya fara bayani a kan ruwa da shinkafa, amma yana yi yana ragewa, don kada na bayansa su ji iyakar talaucinsa. Mai rance ya bar shi ya gama, sa'an nan ya tashi ya roƙi alƙali ya dubi mutumin da kyau, daga hula har takalmi. Ya ce rigar nan kaɗai ta kai rabin abin da yake bin sa, mai irin wannan sutura ba rashi ne ya hana shi biya ba, taurin kai ne. Mutane suka fara gyaɗa kai. Alƙali ya jawo takarda, ya ɗauki alƙalami. Kafin ya rubuta, ya ɗaga kai ya ce, "Bawan Allah, rigar nan taka ce?"

Mutumin ya waiwaya. Ga dattawan unguwa, ga surukinsa, ga waɗanda ya yi wata biyar yana ce musu lafiya lau. In ya ce tasa ce, ya fita da girmansa, tsohuwarsa kuma ta rasa ɗakin da take kwana tun tana amarya.

Sai ya sa hannu ya cire hular, ya tuɓe rigar, ya zare takalmin, ya ajiye su a kan benci. Abin da ya rage a jikinsa tsohuwar taguwar gona ce, ta koɗe, kafaɗa ɗaya da faci.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, ta aro ce. Wannan ce tawa. Ruwa ya cinye komai, kunya ce ta hana ni faɗa."

Wasu suka yi dariya, ba za a ɓoye ba. Amma maƙwabcin ya tashi ya shaida cewa kayan nasa ne, wani manomi kuma ya ce da idonsa ya ga fadamar ta zama tafki. Alƙali ya ajiye takardar farko, ya ɗauki wata. Ya yanke cewa ba za a taɓa gidan ba, an ba shi kaka biyu ya biya kaɗan-kaɗan, ba ƙari.

Mutumin ya koma gida ba takalmi, da kayan aron a naɗe a hammata, yana jin jikinsa sakayau. Matarsa ta ji labari, ta zauna a kan ƙullin kwanonin ta yi kukanta na murna, sa'an nan ta kwance su ta ɗora tukunya. Ran nan ya ci tuwo har ya nemi ƙari.

Ma'anar wannan misali ita ce: mutumin nan mu ne, ni da ku. Gidan shi ne ranmu, bashin kuma zunubinmu ne, wanda ba mai iya biyansa da ƙarfin kansa. Rigar aro ita ce adalcin da muke yafawa don idon mutane: doguwar addu'a a gaban jama'a, muryar waƙa da ta fi ta kowa, da "lafiya lau" da muke faɗa a ƙofar majami'a alhali ciki ya rushe. Na san wannan riga, 'yan'uwa, gama ni ma na sha sa ta, kuma tamu ta fastoci ta fi ta kowa aiki a wuya.

Ku lura, jinƙai yana nan cikin dokar tun kafin mutumin ya bar gida. Rigar ce ta kusa raba shi da shi. Haka yake a gaban Allah. Yesu Almasihu bai zo domin masu cewa suna da abin biya ba, ya zo domin waɗanda suka yarda ba su da komai. Shi kuwa ba kaka biyu yake bayarwa ba, da kansa ya biya duka a kan gicciye.

Saboda haka wanda yake da abin da ya ɓoye, ya faɗa wa Ubangiji yau, da sunansa, ba ragi. Mai yiwuwa wani ya yi maka dariya. Ka bar shi ya yi, kai dai za ka kwana a gidanka.