Bahagon da Ke Duka da Dama

Ku matso, ga wata shari'a da har yau ba a yanke ba.

Ukasha bahago ne tun haihuwa. Kakarsa, Iya Tasalla, ta ce ba a gidanta za a ci tuwo da hagu ba. Ta ɗaure masa hannun da ɗankwali, ta yi ta bin sa da muciya, har ya zamana duk abin da ke da mariƙi, daga ludayi zuwa fartanya, sai ta dama yake kama shi.

Kawunsa Magaji kuwa gonar shinkafa gare shi, tsuntsaye sun dame shi. Da sun isa gona sai ya kwance ɗankwalin, ya ce, "Ɗan nan, jefa da wanda ka ga dama, tsuntsu bai san hagu ba." Da hoge Ukasha ya koyi saiti.

Da ya girma aka kawo wasan besbol makarantarsu, wanda wani ke jefo ƙwallo wani ya make ta da gora. Ukasha yana jifa da hagu, yana duka ta dama. Safar cafe ƙwallo kuwa, wadda ake sawa a hannun da ba ya jifa, duk ta masu jifa da dama ce, don haka aka ce ya zaɓi hannu ɗaya ko ya koma kallo. Ya fara shirin kallon ke nan, sai mai horar da su, Malam Iliyasu, ya kai tsohuwar safa wurin baduku, aka farke ta aka ɗinka a juye. Ba ta yi kyau ba, amma tana cafewa.

Ana nan aka zaɓi Ukasha zuwa gasa a wata ƙasa, aka ce ya zo da ɗan rakiya ɗaya. Kujera ɗaya ce a jirgin, kuma su ukun kowa ya wanke kayansa.

Iya ta ce, "Ba don muciyata ba, da me zai riƙe gorar?"

Kawu ya ce, "Iya, ke hana shi kika yi. Ni na bar shi."

Malam Iliyasu ya ce shi ba ya jayayya da manya, fasfonsa dai yana aljihu.

Ukasha ya san babu wanda ya yi don besbol sai malamin, malamin kuma bai koya wa ko hannu ɗaya komai ba.

To, jama'a, wa zai hau kujerar nan?