Gwaggo da Gyauron Dawa

Akwai wani tsoho da ke kula da goɗiyar wata makaranta, yara suna kiransa Baba Linzami. Labarinsa na kawo muku yau, jama'ar wannan shafi, kuma wallahi tun da na ji shi raina bai daina ɓaci ba.

Makarantar ba irin wadda ake kulle yara a aji tun safe har la'asar ba ce. Bayan azuzuwa akwai gona, kowane aji da kunyoyinsa. Akwai lambun tumatir, akwai kejin kaji, can jikin katanga kuma ga bargar goɗiyar. Duk ranar Laraba kowane yaro yana hawa, ya zagaya fili sau biyu, Baba na riƙe da igiya.

Goɗiyar fara ce, ta manyanta, ba ta cizo ba ta harbi. Yara suka sa mata suna Gwaggo, wai tafiyarta irin ta gwaggon da ta ƙoshi za ta koma gida.

A aji biyar akwai wata yarinya, autar wani tela, kowa Auta yake ce mata. Ƙafarta ta hagu ta shanye tun tana ƙarama, da sanda take tafiya. In an fito hutu sauran yara suna guje-guje, ita tana zaune a dakali tana tsaron jakunkunansu. Amma ranar Laraba, in Baba ya ɗora ta kan Gwaggo, ita ce ke kallon kowa daga sama. Baba da hannunsa ya ɗinka wa sirdin wani ɗan maɗauri saboda ƙafar tata. Ita kuma kullum tana taho wa da Gwaggo ɓawon kankana a leda, har ta kai in goɗiyar ta ji ƙarar sandarta sai ta fara haniniya.

Ana nan sai aka kawo sabon malamin noma. Saurayi ne, ya fito jami'a da sakamako mai kyau, kuma ya tabbatar kowa ya san da haka. Ko gona zai shiga da takalmi mai ƙyalli yake shiga. Duk abin da Baba ya faɗa sai ya taɓe baki ya ce, "A littafi ba haka yake ba." Bai yi wata guda ba yara suka raɗa masa Malam A-Littafi.

Wannan shekarar 'yan aji biyar dawa suka shuka. Aka girbe, aka kwashe, ƙasa ta bushe ƙamas na makonni. Sai ga wani ruwan sama guda ɗaya ya zo ba zato. Cikin 'yan kwanaki kututturan dawar suka tofo sabon ganye, kore shar, gwanin sha'awa. Wannan tofon shi manoma ke kira gyauro. Baba na ganinsa ya samo igiya ya kewaye wurin.

Malamin ya fito da 'yan aji biyar darasin waje ya tarar da igiyar.

"Wa ya ɗaura wannan?"

"Ni ne, Malam," in ji Baba. "Gyauro ne. Wanda ya tofo bayan fari irin wannan, in dabba ta ci da yunwa, kashe ta yake yi."

Malamin ya yi dariya har da dafa ciki. "Ciyawa kore ce za ta kashe doki? Yara, kun ji abin da ake kira camfi ke nan."

"Malam, ni ban yi boko ba. Amma na binne shanun babana guda uku saboda shi."

"To, Allah ya jiƙan shanu. Nan makaranta ce."

Wasu yaran suka yi dariya don malami ya yi. Da aka tashi Baba ya kira Auta gefe ya ce, "'Yata, ke Gwaggo ke bi. Ko da wasa kada ki bar ta ta kusanci wurin nan." Ta ce to, Baba.

Mako ya zagayo aka yi ranar da iyaye ke zuwa ganin aikin 'ya'yansu. Malamin ya shirya zai nuna musu yadda gona ke ciyar da dabba, dabba kuma ta ba gona taki, ba a asarar komai. Ya san Baba ba zai yarda ba, don haka tun da safe ya je wurin shugabar makaranta ya ce ana bukatar dattijo a bakin ƙofa ya riƙa nuna wa baƙi wurin ajiye mota. Ita ma ba ta tambayi dalili ba. Aka tura Baba can.

Tun safe Gwaggo ke ɗaukar yara ana ta hoto, ba wanda ya tuna ya zuba mata ko dusa. Wajen azahar malamin ya tara iyaye a bakin gonar dawa, ya kwance igiyar Baba ya yar. Ya ja goɗiyar, ta ƙi motsi, don ba ta san shi ba. Nan ya waiga ya hango Auta.

"Ke, zo ki shigar da ita."

Auta ta tsaya. "Malam, Baba ya ce kada..."

"Wa ke koyar da ke, ni ko mai share barga?"

Haba jama'a! Yarinya 'yar shekara goma, ga iyaye sun zuba mata ido, ga babanta tela yana mata alama da hannu wai ta yi biyayya kada ta kunyata shi. Me za ta yi? Ta karɓi igiyar goɗiyar. Ta dogara sandarta ta shiga cikin gyauron, Gwaggo kuma ta bi ta kamar yadda ta saba.

Goɗiya mai yunwa ta dinga fizgar ganye. Malamin yana ta zuba bayani, iyaye suna tafi. Har da mai cewa kai, wannan yaro ya san aikinsa.

Ba a jima ba aka mai da goɗiyar inuwa. Auta ce ta fara lura numfashin Gwaggo ya canza. Jikinta ya hau ɓari, yawu na dalala, ta yi taga-taga, sai ta zube ƙasa rim. Yarinyar ta ƙwalla ihu tana kiran Baba.

Tsohon ya taho da gudu daga bakin ƙofa, hularsa ta faɗi bai tsaya ɗauka ba. Ya durƙusa ya buɗe bakin goɗiyar ya ga koren ganye a haƙoranta. Ya dubi gonar, ya dubi igiyarsa a yashe. Bai zagi kowa ba. Ya ɗora kanta a cinyarsa yana shafa wuyanta har ta daina motsi.

Likitan dabbobi ya iso bayan komai ya ƙare. Da aka ba shi labari ya juya ga malamin ya ce, "Kai ne malamin noma? Kawo littafin da kake koyarwa da shi." Aka ɗauko. Ya buɗe wajen ƙarshe ya miƙa masa a gaban shugabar da sauran iyayen da ba su tafi ba. Ga shi nan ɓaro-ɓaro, babin gubar da ke cikin tofon dawa bayan fari. Shafukan ma a manne suke, alamar ba a taɓa buɗe su ba.

Makarantar ba ta sake sayen doki ba. Aka mai da bargar ɗakin ajiye fartanya da buhunan taki. Tun da ba goɗiya, aka ce wa Baba aikinsa ya ƙare. Malamin kuwa an ja masa kunne a ofis, ya ci gaba da aikinsa. Wannan ne ya fi ƙona min rai.

Sai dai abin ya hana shi sakat. In ya shiga aji biyar ya yi tambaya, ba mai ɗaga hannu. Ranar da Baba ya zo kwashe kayansa, malamin ya same shi a barga yana naɗe sirdin nan mai maɗauri.

"Baba, don Allah ka yafe min."

"Ni na yafe, ɗana. Ni tsoho ne, na saba rasa abu. Amma yarinyar nan kwana tara ba ta cin abincin kirki, ubanta ya gaya min. Je ka ce mata ba ita ta kashe Gwaggo ba."

Ya je. Laraba ce ma, lokacin da da ake hawa. Ya tarar da Auta a dakali, jakunkunan yara a gabanta. Ya tsuguna ya ce, "Auta, laifina ne. Ni ban sani ba, shi ya sa."

Ta ɗago ta dube shi da jajayen idanu.

"Kai ba ka sani ba, Malam. Ni na sani. Baba ya gaya min. Kuma da kai ka ja ta, ai ƙin shiga ta yi. Ni ta yarda da ni."

Aka kaɗa ƙararrawa, ta ɗauki sandarta ta wuce aji, malamin ya bi ta da kallo har ta shige.

Darasi: Takardar shaida ba ta nufin ka gama sani. In wanda ya daɗe a kan aiki ya gargaɗe ka, ko bai taɓa shiga aji ba, ka tsaya ka bincika kafin ka yi masa dariya. Sau da yawa mai girman kai yana tsira, raunana ne ke ɗaukar nauyin kuskurensa. Ku tura wa malamai da iyaye da duk wanda aka damƙa wa amanar yara, ko Allah zai sa wani ya saurara kafin lokaci ya ƙure.