Matar da Ta Fito da Baya

Ku gyara zama, ku masu cewa fim ƙarya ne. Ni ma haka nake cewa, sai da na ga abin da ya sami Tabawa.

Tabawa 'yar wasa ce. Wani gidan talabijin ya shirya wasa mai dogon zango, aka ɗauki kashi na farko. A ƙarshensa ta ji muryar uwarta da ta rasu tana kiranta daga wani tsohon ɗaki, hayaƙi na tashi daga kasko a bakinsa, ta shiga, ƙofa ta rufe kanta. A kashi na biyu ne za ta fito. Aka nuna na farko sau ɗaya, shugaban gidan ya ce ba kai ba gindi, ya soke wasan.

Tun ranar Tabawa ta daina cin abinci. Da rana tsaka za ka same ta a tsakar gida tana lalube kamar mai neman sakata, tana cewa, "Duk gari sun ga na shiga, ba wanda ya ga na fito." Aka yi rubutun sha, aka yi asibiti, sai ramewa take. Wallahi ranar da na gan ta da ƙyar na gane ta.

Barau mai ɗaukar hoto ya san al'adar gidan: kaset ɗin da aka soke, a kansa ake naɗar sabon shiri. Ya iske an riga an zura na Tabawa a na'ura za a ɗora labarai, ya fizge shi ya fice. A bakin aikinsa ya yi haka. Da ya makara, da an shafe ta tana ciki.

Sambo mai tace hoto ya karɓi kaset ɗin. Tabawa ba ta iya tsayuwa balle sabon ɗauka, ɗakin ma an rushe shi. Sai ya kwafi shigarta ya juya ta baya, ya liƙa a ƙarshe. Ƙofa ta buɗe, hayaƙi ya koma cikin kasko, Tabawa ta fito da baya, idonta ƙur a kan abin da ke ciki.

Iro mai gidan kallo shi kaɗai ya yarda ya nuna. Mutanen unguwa suka ce kaset ɗin da iska, in ya kunna za su cinna wa rumfarsa wuta. Ya kunna, ya buɗe ƙofa kowa ya shigo, aka kawo Tabawa a kan tabarma. Da ta ga fitowarta, ta ji jama'a sun yi salati, sai ta dubi yayarta ta ce, "Yaya, akwai sauran kunu?"

Fim ɗin ya yi suna. Waɗanda ba su san asalinsa ba suna cewa hikima ce mai zurfi, ba a bayyana muryar ba, ba a nuna cikin ɗakin ba. Waɗanda suka sani suna dariya, wai guntun wasa ne aka yi wa faci. Amma na lura su ma masu dariyar ba sa kallonsa su kaɗai. Ita kuwa har yau ba ta juya wa ƙofa baya.

Da ta warke ta kira su ukun, ta ce, "Raina na cikin kaset ɗin nan, kuma ba zan kwana gida ɗaya da shi ba. Ɗayanku zai riƙe."

To, a hannun wa za ta sa shi?