Ƙodar Haladu da Hawayen Aro

Ku matso, ku ajiye wayoyin nan. Yau na zo muku da wadda za ta sa shayinku ya huce a hannu. Kun san ni, aji biyu na yi a sakandare na bar musu makarantarsu, don tambayoyina sun fi ƙarfin malaman. To wannan kam ni kaina sai da na riƙe baki. Kuma ba ji na yi ba, da idona na ga ƙarshenta. Tsani na saɓa a kafaɗa na wuce masu gadin gidan talabijin ɗin, har suna buɗe mini ƙofa suna yi mini sannu da aiki. Ba a tambayar mai tsani inda za shi.

Akwai wani mai haƙar rijiya, Haladu, mutumin Ruggar Ɗorawa. Rabin rijiyoyin yankin aikin hannunsa ne. Sai ciwon ƙoda ya kama shi, duka biyun suka tsaya. Aka kawo shi asibitin birni ana yi masa wankin ƙoda, gona ta tafi, shanu suka bi bayanta. Likita ya ce in ba dashen wata ƙodar aka yi masa ba, sai dai a fara ba dangi haƙuri.

Mai jinyarsa mahaifiyarsa ce, Inna Tabawa, kuma shi ne ɗanta na fari. Kun san kunyar mutanen da. Tun da ta haife shi bakinta bai taɓa kama sunansa ba. A ƙasan gadonsa take kwana, ita ke share masa amai, amma in aka tambaye ta sai ta ce, "Yaron mutane ne na zo dubawa."

Mutum uku suka shiga maganar, duk sanannu, irin waɗanda ake liƙa hotonsu a bayan a-daidaita.

Na farko Mudi Bakin-Zuma, mai gabatar da shirin neman taimako da ake kira Kukan Ɗan'uwa. Shirin ya fara mutuwa, masu talla sun gudu, manaja ya ce zai sa fim ɗin Indiya a gurbinsa. Mudi yana yawon asibiti ya ci karo da Haladu, ya ga ƙato ya zama abin tausayi, ya ce a ransa, ga wanda zai tashe ni. Amma bai nuna shi ba. Ajiye shi ya yi! Azumi da sauran watanni. Likita ya ce, "Malam Mudi, mutumin nan kullum ƙara kumbura yake." Mudi ya ce, "Likita, kai ka san jiki, ni na san 'yan kallo. Mai cikakken ciki ba ya kyauta. Bari azumi ya kama su tukuna." Ya riƙa biyan wankin daga aljihunsa, daidai abin da zai hana mutuwa, kamar mai kiwon ragon layya. A cikin jiran nan hawan jini ya cinye wa Haladu ido ɗaya. Da azumi ya kama, Mudi ya shigo da kyamara ɗakin, ya yaye bargon da hannunsa, duniya ta ga cikin dattijon mutum a buɗe. Subhanallahi! Amma a faɗi gaskiya: wani mai irin ciwon da aka nuna a wata tasha kafin azumi, ko kuɗin mota bai tara ba, an binne shi. Mudi ya san lokacinsa.

Sai dai an samu cikas. Mudi ya miƙa wa Inna makirufo ana kallo kai tsaye, ya ce, "Inna, faɗa wa jama'a sunan ɗanki."

Ta kau da kai ta ce, "Ku tambaye shi mana, ai yana da baki."

"To yaya kike ji a ranki, ganin sa a haka?"

"Ciwo na kowa ne. Allah Ya ba masu ciwo lafiya."

Idonta ƙamas. Tsofaffin da ke kallo sun gane, suka jinjina kai, wasu suka share ƙwalla. Amma ba tsofaffi ke da wayar tura kuɗi ba. Samari da 'yan matan birni suka cika tashar da saƙo: wannan ba ita ta haife shi ba, in uwarsa ba ta damu ba mu ina ruwanmu. Taimako ya tsaya cik.

Ta biyu Ladidi Zinariya, 'yar fim. Masu shirya finafinai sun daina kiranta, sun ce ta tsufa, kukanta ma na albasa ne. Ta zo asibiti da kwanon abinci, ta durƙusa har ƙasa ta ce, "Inna, kawo zanen nan da mayafin in wanke miki, ke ki je ki ɗan kwanta." Inna ta ba ta tana sa mata albarka. Ladidi ta ɗaura zanen, ta lulluɓe fuska da mayafin, ta zauna a bakin gadon Haladu yana cikin magagin allura. Ana kunna kyamara ta ɗora hannu a ka ta kurma ihu: "Haladu! Haladuna! Ɗana na fari, kada ka tafi ka bar ni!" Wallahi har mai riƙe da kyamarar sai da ya yi kuka, alhali ya san ko wace ce. Kafin a sha ruwa kuɗin aiki sun haɗu, har da ƙari. In ba don kukan nan ba, da ba a tara komai ba.

A Ruggar Ɗorawa kuwa, mata sun taru a gidan da ke da talabijin, suka shaida zanen. Aka tafa hannu aka yi salati: Tabawa ta kama sunan ɗan fari a gaban duniya! Kunyar da ta riƙe tun tana amarya, wata ta zubar mata da ita cikin zanenta. Bai ƙare nan ba. Ladidi ta kasa haɗiye abin, ta fito a wata hira tana dariya: "Ku da kuka ce na tsufa, wa ya gane ni?" Sai gari ya juya, aka ce ashe duk shiri ne, Haladun ma ɗan wasa ne, kumburin ma hoda ce.

Na uku Nafi'u Garaya, mawaƙi. Kuɗi sun samu amma babu ƙoda. An gwada ƙannen Haladu ba su dace ba, Inna kuma shekaru sun hana. Shi Nafi'u abin da ke cin ransa daban: abokin hamayyarsa ya raba shinkafa a gaban kyamara, gari ya koma yabonsa. Sai ya zo da tawaga, ya naɗe hannun riga ya ce a gwada jininsa, ya tabbata ba zai dace ba, ya ci suna a banza. Jama'a, ya dace! A shirin aka faɗi sakamakon, na ji an ce murmushinsa a nan ya daskare. Yana iya cewa likitansa ya hana, yana iya hawa jirgi. Mahaifiyarsa ta roƙe shi ya fasa, da hawaye na gaske. Ya ce, "Hajiya, in na fasa, wancan mai shinkafar zai yi mini waƙa." Ya kwanta aka yanke shi. Amma da safiyar aikin mai kyamara ya makara, ga Haladu an riga an shirya shi, Nafi'u ya zauna ya harɗe ƙafa ya ce ba mai taɓa shi sai an zo a ɗauka. Bayan an warke kuma, duk inda zai yi wasa sai ya aika a ɗauko Haladu, ya hau da shi dandamali, ya ɗage masa riga ya nuna ɗinkin: "Ku tafa wa ƙodata, ga ta nan tana yawo!" Duk da haka, ƙodar ta gaske ce. Tsokar jikinsa ce ya bayar, har yau in ya daɗe a tsaye sai ya dafe kwiɓi.

Haladu ya rayu. Sai dai wanda aka yi wa dashe ba ya rabuwa da magani har ƙarshen ransa, in ya daina sha jiki ya ƙi ƙodar. Wani kamfanin lemo ya ce zai ɗauki nauyin maganin, da sharaɗi guda: a shirin babbar Sallah, Haladu ya fito ya yafa alkyabba mai tambarin kamfanin a kafaɗar wanda ya ceci ransa. Mutum ɗaya, ba uku ba. In ya ƙi, babu magani.

Ranar ce nake can saman tsanina, ina taɓa wata fitila da lafiyarta lau. Kujeru uku a jere. Mudi yana gyara hula, Ladidi ta tanadi hankici, Nafi'u ya sa rigar da ke buɗewa ta gefe. Aka miƙa wa Haladu alkyabbar. Ya juya da idon da ya rage masa wajen lungun da Inna take zaune, ya ce, "Inna, wa zan ba?"

Ba ta dube shi ba. Bango ta fuskanta ta ce, "A gaya wa yaron nan, kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Ya je ya zaɓa. Sai da rai ake jin kunya."

Aka kunna jar fitilar kyamara, Haladu ya ɗaga ƙafa ya nufi kujerun.

Nan zan tsaya, ko za ku ba ni naman duniya ba zan ƙarasa ba. In babu Mudi, ba wanda zai san da shi, amma ya ci masa ido. In babu Ladidi, ba a tara ko sisi ba, amma ta sayar da mutuncin uwarsa ta mayar da shi maƙaryaci. In babu Nafi'u, da kuɗin sun ƙare a likkafani, amma ya mayar da shi abin wasan dandamali. Ba ɗayansu da ya yi don Allah, kuma ba ɗayansu da za a cire Haladu ya kai Sallah.

To ku da kuka gama makarantunku, ga alkyabba a hannunku, ga magani a bayanta: a kafaɗar wa za ku yafa ta?