Ƙayoyin Bushiya a Ƙofar Kurege

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, mu ƙaru.

Kurege da Gafiya suka shirya musaya, ya ba ta gyaɗa ta ba shi gero. Bushiya ce mai dako, ita kuwa ba ta ɗaukar ƙwarya sai ta tsige ƙayarta ɗaya ta kafa a ƙofar mai kayan.

Kurege ya ce wa Bushiya, "Haba Iya, wannan nawar taki har yaushe?"

Ta ce, "Ɗana, sai kayan kowa sun isa, kun ce kun sallama, sannan in tuge su."

Gyaɗa ta gama shiga ramin Gafiya, gero bai fito ba, sai ambaliya ta tafi da rumbun geron. Gafiya ta ce, "Gyaɗar nan ai tawa ce tun bara."

Kurege ya kai kuka wurin Bushiya, don abincin 'ya'yansa ke nan.

Bushiya ta ce, "Wa ya sallama?" Da yake ba wanda ya sallama, ta bi ƙayoyin ƙofar Kurege, kowace ƙaya ƙwarya guda, ta mayar masa da gyaɗarsa kaf.

Kurege ya durƙusa. "Iya, Allah ya saka da alheri. Daga yau ko wuni za ki yi kina kafa ƙaya, ni mai jira ne."

Ƙurunƙus kan gafiya, ta tashi a tutar babu.